Kai hari kan lantarki, ruwa da asibitoci a lokacin yaƙi: tambayoyi da amsoshi

Tun daga Oktoban 2022, lokacin da Rasha ta fara ruwan makamai masu linzami kan tashoshin lantarkin Yukren, zuwa abin da ya biyo baya a Gaza da Sudan, tambayoyi kusan iri ɗaya ne ke ta dawowa a bakin masu bin labarai. An tattara su a nan, an fara da na sama-sama kafin a shiga masu sarƙaƙiya.

A taƙaice, kai hari kan ababen more rayuwar fararen hula laifin yaƙi ne?

Asalin hukuncinsa haramci ne. Dokar yaƙi ta raba abubuwa gida biyu, kayan farar hula da abin harin soja, kuma duk abin da bai cika sharuɗɗan zama abin harin soja ba na farar hula ne. Wanda ya auna gidan ruwa, ko kasuwa, ko makaranta da gangan, alhali ya san ba aikin soja ake yi da su ba, ya aikata laifin yaƙi.

Inda gizo ke saƙa shi ne abubuwan da soja da farar hula ke amfani da su tare, irin su lantarki, gada, tashar jirgin ƙasa da layukan sadarwa. A nan amsar takan danganta da amfanin da ake yi da abin a lokacin harin, da kuma yawan ɓarnar da ake tsammanin za ta faɗa wa jama'a.

Wace doka ce ta faɗi haka, kuma wa ta hau kansa?

Tushen shi ne yarjejeniyoyin Geneva guda huɗu na 1949, waɗanda dukan ƙasashen duniya suka amince da su. Amma bayanin yadda ake kai hari ya fi fitowa a ƙarin yarjejeniya ta ɗaya ta 1977: sashe na 48 ya wajabta bambance farar hula da soja, sashe na 52 ya kare kayan farar hula, sashe na 57 kuma ya jera matakan taka-tsantsan. Ƙarin yarjejeniya ta biyu, ita ma ta 1977, ta shafi yaƙin cikin gida. Sai Yarjejeniyar Rum ta 1998, wadda ta kafa Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya, wato ICC. Sashenta na 8 ne ya mayar da waɗannan hane-hane laifukan da za a iya gurfanar da mutum a kansu.

Fiye da ƙasashe 170 sun shiga ƙarin yarjejeniya ta ɗaya, har da Najeriya da Nijar da Gana da Rasha da Yukren. Amurka da Isra'ila da Iran da Indiya da Turkiyya ba su shiga ba. Wannan bai wanke su ba, domin ƙa'idar bambance farar hula da soja ta zama dokar al'ada tsakanin ƙasashe, wadda ta hau kan kowa ko ya sa hannu ko bai sa ba. Su kansu waɗannan ƙasashe ba sa musun ƙa'idar, a fassararta ne ake samun saɓani.

Me ke sa abu ya zama halastaccen abin hari?

Sharuɗɗa biyu ne, kuma dole su haɗu. Na farko, abin ya kasance yana ba da gudummawa ta zahiri ga aikin soja, ko ta yanayinsa, ko wurin da yake, ko manufarsa, ko amfanin da ake yi da shi. Na biyu, rusa shi ko kama shi ya kawo takamaimiyar riba ta soja a halin da ake ciki a lokacin. Riba ta zato, ko ta «wataƙila wata rana su yi amfani da shi», ba ta isa ba.

Idan an yi kokwanto a kan abin da aka saba sani na farar hula ne, kamar gida ko makaranta ko wurin ibada, sashe na 52 ya ce a ɗauke shi a matsayin na farar hula.

To, tashar lantarki fa, tunda barikin soja ma da ita yake aiki?

Wannan ce tambaya mafi wuya, kuma a bayanta ne gwamnatoci suka fi fakewa. Gaskiya ne taransifoma da ke ba na'urar hango jiragen sama wuta, ko layin da ke ciyar da masana'antar makamai, na iya zama abin hari. Hukumar da ta saurari ƙorafe-ƙorafen Eritiriya da Habasha bayan yaƙinsu ta yanke a 2005 cewa harin da jiragen Habasha suka kai wa tashar lantarki ta Hirgigo, kusa da Massawa, a Mayun 2000 bai saɓa doka ba, saboda muhimmancin tashar ga tashar jiragen ruwa da sansanin sojan ruwa. Ke nan ba a ce lantarki abu ne da ba a taɓa shi ko ta halin ƙaƙa ba.

Amma doka tana duba kowane abu ne shi kaɗai. Ba a yarda a ce tunda soja na shan wuta, to dukan turaku da tashoshin ƙasar sun halasta ba. A 1991 Amurka da ƙawayenta sun durƙusar da lantarkin Iraƙi cikin makonni. Da wuta ta tafi sai injinan tace ruwa da na zuƙe ƙazanta suka tsaya, kwalara da taifod suka bazu. Tawagar Majalisar Ɗinkin Duniya da Martti Ahtisaari ya jagoranta a Maris na shekarar ta ba da rahoton cewa an mayar da ƙasar zamanin da babu masana'antu. Sojoji kuwa galibi suna da janaretocinsu da man da suka tanada. Wanda ke zama a duhu shi ne talaka.

A game da Yukren, alƙalan ICC sun bayar da sammacin kamu a Maris na 2024 kan Sergei Kobylash, kwamandan jiragen yaƙin Rasha masu cin dogon zango a lokacin hare-haren, da Viktor Sokolov, kwamandan rundunar ruwan Rasha ta Bahar Aswad a lokacin, kan hare-haren da aka kai wa lantarki daga 10 ga Oktoban 2022 zuwa 9 ga Maris na 2023. A Yunin 2024 aka ƙara da Sergei Shoigu, wanda yake ministan tsaro a lokacin hare-haren, da babban hafsan soja Valery Gerasimov. Alƙalan sun ce akwai dalilin yarda cewa an auna kayan farar hula, kuma ko a wuraren da za a iya cewa soja na amfana, ɓarnar ta zarce ribar nesa ba kusa ba. Rasha ta yi watsi da sammacin. Maganar auna ɓarna da riba tana a amsa ta gaba.

Idan abin na soja ne da gaske, shi ke nan an halasta komai?

A'a. Akwai ƙa'idar daidaito: haramun ne a kai harin da ake tsammanin zai kashe ko ya raunata fararen hula, ko ya lalata dukiyarsu, fiye da kima idan an gwada da ribar sojan da ake nema. Babu sikelin da ke auna wannan da lamba. Ana tambaya ne ko kwamanda mai hankali, da bayanan da ke hannunsa a lokacin, zai ga ɓarnar ta yi yawa. Yarjejeniyar Rum ta ƙara tsananta sharaɗin kafin a kama mutum da laifi, ta ce sai zarcewar ta kasance a bayyane ƙarara.

Gardamar da ake yi ita ce ko za a ƙirga mutanen da bam ya kashe nan take kawai, ko har da waɗanda suka mutu daga baya. Kwamitin Red Cross na duniya ya tsaya a kan cewa duk illar da ake iya hangowa dole ta shiga lissafi, kuma a ganina wannan ita ce fahimtar da ta dace da hankali. Harin lantarki ba kasafai yake kashe mutane da yawa a ranar farko ba. Bayan mako guda ne kwalbar jarirai bakwaini ke mutuwa a asibiti, firjin allurar rigakafi ya ɗumame, mai wankin ƙoda ya rasa injin, famfo ya ƙafe mutane su koma shan ruwan kududdufi. A Yukren kuma sai a ƙara da sanyin hunturu. Duk janar ɗin da ya tsara irin wannan hari ya san da haka, ba zai ce abin ya zo masa ba zata ba.

Ban da daidaito akwai wajabcin taka-tsantsan: a tabbatar da abin da za a kai wa hari, a zaɓi makami da lokacin da za su rage ɓarna, a yi gargaɗi idan hali ya yi, a kuma janye idan an gano lissafi ya sauya.

Akwai abubuwan da aka ba kariya ta musamman?

Akwai. Sashe na 54 na ƙarin yarjejeniya ta ɗaya ya hana kai hari, ko lalatawa, ko kwashe abubuwan da rayuwar jama'a ta dogara a kansu da nufin hana su amfani da su: abinci, gonaki, amfanin gona, dabbobi, wuraren ruwan sha da na ban ruwa. Hukumar Eritiriya da Habasha da aka ambata a sama, wadda ta wanke harin Hirgigo, ta ce yunƙurin jefa bam kan ma'ajiyar ruwa ta Harsile kusa da Assab ya saɓa doka, domin ruwan shan fararen hula ne a yankin da ruwa ke da wuya. Amfani da yunwa a matsayin makami laifin yaƙi ne mai zaman kansa, kuma ba sai da bam ake aikata shi ba. Sammacin da ICC ta bayar a Nuwamban 2024 kan firaministan Isra'ila Benjamin Netanyahu da tsohon ministan tsaronsa Yoav Gallant ya haɗa da zargin hana mutanen Gaza abinci da ruwa da magani da mai da lantarki. Isra'ila ta musanta zargin.

Sashe na 56 kuma ya kare madatsun ruwa, da ganuwar da ke tare ambaliya, da tashoshin lantarki na nukiliya, ko da sun zama abin harin soja, muddin harin zai saki bala'in da zai hallaka jama'a masu yawa. Har alama aka ware musu, da'irori uku masu ruwan lemo a jere. Abin da ake tsoro shi ne irin wanda aka gani a ranar 6 ga Yunin 2023, lokacin da madatsar Kakhovka, wadda ke hannun sojojin Rasha, ta fashe ruwa ya shafe garuruwa da gonaki a yankin Kherson, kowane ɓangare yana ɗora wa ɗaya alhaki. Shi ya sa kuma hankalin duniya bai kwanta ba game da tashar nukiliya ta Zaporizhzhia tun da Rasha ta kama ta a Maris na 2022.

Gada da titi da layin dogo fa?

Su ne suka fi saurin zama abin harin soja, tunda ta kansu ake wucewa da dakaru da makamai. Shari'ar tsohuwar gadar Mostar a Bosniya, wadda aka rusa a ranar 9 ga Nuwamban 1993, ta nuna wuyar lamarin. A 2013 kotun Majalisar Ɗinkin Duniya mai shari'ar laifukan yaƙin tsohuwar Yugoslabiya ta yarda soja na amfani da gadar, amma ta ce illar rusa ta ga Musulmin da aka killace a gabashin birnin ta wuce kima. A 2017 sashen ɗaukaka ƙara ya soke wannan hukunci, ya ce gadar abin harin soja ce. Alƙalai a kotu ɗaya, da hujjoji ɗaya, sun saɓa.

Idan mayaƙa sun ɓuya a asibiti ko makaranta ko masallaci, kariyar ta faɗi?

Tana iya faɗuwa, amma ba da sauƙi ba, musamman ga asibiti. Yarjejeniyar Geneva ta huɗu ta ce asibiti ba ya rasa kariya sai an yi amfani da shi wajen cutar da abokin gaba, kuma sai an yi gargaɗi, an ba da wa'adi mai ma'ana, an yi biris da shi. Jinyar mayaƙan da suka ji rauni ba ta cire kariya, haka nan samun ƙananan makaman da aka karɓe daga hannun majinyata. Ko bayan kariyar ta faɗi, marasa lafiya da likitoci suna nan a matsayin fararen hula, ƙa'idar daidaito kuma tana aiki.

Shi ma wanda ya mayar da asibiti maɓoya, ko ya yi garkuwa da jama'a, ya karya doka. Sai dai laifinsa ba ya zama lasisi ga ɗaya ɓangaren.

In an ce kuskure ne fa?

Laifin yaƙi a gaban ICC yana buƙatar niyya da sani. Kuskure na gaskiya, bayan an ɗauki matakan da suka kamata, ba laifin yaƙi ba ne. A ranar 3 ga Oktoban 2015 jirgin yaƙin Amurka ya yi luguden wuta kan asibitin ƙungiyar likitoci ta MSF a Kunduz da ke Afganistan, mutum 42 suka mutu. Binciken sojan Amurka ya ce kuskure ne, aka ladabtar da jami'ai 16 ba tare da gurfanar da kowa a kotu ba. MSF, wadda ta riga ta ba sojoji bayanin inda asibitin yake, ta nemi bincike mai zaman kansa, ba ta samu ba. Matsalar ke nan: sau da yawa wanda ake zargi shi ne mai binciken kansa. Idan kuwa «kuskuren» ya yi ta maimaituwa a kan abu iri ɗaya, masu gabatar da ƙara sukan kawo maimaicin a matsayin hujjar niyya.

Idan abokin gaba ne ya fara, ramuwa ta halasta?

Sashe na 52 ya hana ramuwa a kan kayan farar hula kai tsaye. Wasu ƙasashe, ciki har da Birtaniya, sun gindaya sharaɗi a kan wannan lokacin da suke shiga yarjejeniyar, amma ko a wajensu ƙofa ce ƙarama mai tsauraran sharuɗɗa. Vladimir Putin ya bayyana hare-haren 10 ga Oktoban 2022 a matsayin martani ga fashewar da ta auku a gadar Kirimiya kwana biyu kafin nan, wannan bai hana alƙalan ICC ba da sammaci ba.

Haka kuma dokar ba ta tambayar wa ke da gaskiya a asalin yaƙin. Ƙasar da aka mamaye da wadda ta yi mamayar duk ƙa'ida ɗaya ta ɗaure su. Mutum na iya goyon bayan wani ɓangare da zuciya ɗaya, amma ya kamata ya auna hare-harensa da mudun da yake auna na ɗayan.

Ana iya kai hari don karya tattalin arziki ko karya zuciyar jama'a?

Karya zuciyar jama'a ba riba ce ta soja ba a idon doka, kuma sashe na 51 ya hana duk harin da babbar manufarsa ita ce jefa tsoro a zukatan fararen hula. Maganar tattalin arziki ce ake ja-in-ja a kanta. Amurka na ganin abin da ke samar da kuɗin ci gaba da yaƙi na iya zama abin hari, da wannan hujja ta kai hari kan rijiyoyi da tankokin man ƙungiyar IS. Masana da yawa da kwamitin Red Cross ba su yarda ba, saboda idan aka buɗe wannan ƙofa babu gona ko banki ko masana'antar da za ta tsira. Ana wannan gardama a kan hare-haren Yukren kan matatun man Rasha, ko da yake matatar da ke ba tankokin yaƙi mai kai tsaye hukuncinta daban ne.

Dokar ta shafi ƙungiyoyi irin su Boko Haram da dakarun RSF na Sudan?

Ta shafe su. A yaƙin cikin gida, ƙungiyar da ke ɗauke da makamai tana ƙarƙashin dokar kamar yadda gwamnati take. Lokacin da 'yan tada ƙayar baya suka tarwatsa manyan turakun lantarki a kan layin Damaturu zuwa Maiduguri a Janairun 2021, birnin ya shafe watanni a duhu. Masu walda da masu ƙanƙara da masu injin niƙa ne suka ji a jikinsu, da asibitocin da suka koma dogaro da dizal. A Disamban 2020 mai gabatar da ƙara ta ICC a lokacin, Fatou Bensouda, ta ce akwai dalilin yarda cewa Boko Haram ta aikata laifukan yaƙi, ciki har da kai hari kan makarantu da wuraren ibada, ta kuma ce akwai irin wannan dalili game da wasu laifuka na jami'an tsaron Najeriya.

Akwai giɓi guda. A yaƙin cikin gida, Yarjejeniyar Rum ta ambaci asibitoci da makarantu da wuraren ibada da na tarihi, a 2019 kuma aka ƙara amfani da yunwa, amma ba ta kawo laifin kai hari kan kayan farar hula baki ɗaya ba kamar yadda ta yi wa yaƙin ƙasa da ƙasa. Haramcin yana nan a dokar al'ada, gurfanarwar ce ta fi wuya. A Sudan akwai ƙarin cikas: hurumin da Kwamitin Sulhu ya ba ICC a 2005 na Darfur ne kawai, don haka hare-haren jirage marasa matuƙa kan tashar lantarki ta Merowe da rumbunan mai na Port Sudan a 2025, waɗanda aka ɗora wa RSF, suna wajen wannan hurumi.

Wa ake kamawa, wanda ya harba ko wanda ya ba da umarni?

Duka biyun. Kwamanda na ɗaukar alhaki idan shi ya ba da umarni, haka nan idan ya sani, ko ya kamata ya sani, cewa yaransa na aikata laifi bai hana ba kuma bai hukunta ba. Ƙaramin soja ba zai fake da «umarni aka ba ni» ba idan haramcin umarnin a fili yake. Laifukan da ke ƙarƙashin ICC ba sa tsufa, hukuncinsu kuma na iya kai wa ɗaurin shekara 30 ko rai da rai.

Shin an taɓa ɗaure wani a kan wannan?

An ɗaure, amma kaɗan, kuma galibi a kan wuraren tarihi da na ibada. A 2016 ICC ta yanke wa Ahmad al-Faqi al-Mahdi ɗaurin shekara 9 bayan ya amsa laifin jagorantar rusa hubbarori tara da ƙofar masallacin Sidi Yahya a Timbuktu a 2012. Kotun Yugoslabiya ta ɗaure Janar Pavle Strugar kan luguden wuta a tsohon birnin Dubrovnik a Disamban 1991. Amma da NATO ta jefa bam kan gidan talabijin na Sabiya a Afrilun 1999, ma'aikata 16 suka mutu, kwamitin da mai gabatar da ƙara ta kotun Yugoslabiya ta kafa ya ba da shawarar kada a buɗe bincike, ko da yake Amnesty ta kira harin laifin yaƙi. Masu cewa kotunan duniya sun fi ƙarfi a kan marasa ƙarfi suna da abin nunawa.

ICC ba ta da 'yan sanda, kuma ba ta yanke wa mutum hukunci a bayan idonsa, sai ƙasashe sun kama sun miƙa mata. Hurumin kotun yana bin ƙasar da aka yi laifin ko ƙasar wanda ake zargi, shi ya sa take iya tuhumar jami'an Rasha kan abin da ya faru a Yukren ko da Rasha ba mamba ba ce. Kotunan cikin gida ma suna da iko, kuma yarjejeniyoyin Geneva sun wajabta wa kowace ƙasa ta nemi masu manyan laifuka ta gurfanar da su ko daga ina suka fito.

Wannan doka ba ta Turawa ba ce kawai?

Rubutunta na zamani a Turai aka yi, amma ƙa'idar ta girme shi. Wasiyyar da Sayyidina Abubakar ya yi wa rundunar da ya tura Sham, kamar yadda Imam Malik ya ruwaito, ta hana kashe mata da yara da tsofaffi, ta hana sare itace mai 'ya'ya, da rusa wurin da mutane ke zaune, da yanka tumaki ko raƙuma sai don ci. Wanda ya karanta sashe na 54 da aka yi bayani a amsar kariya ta musamman zai ga kusancin. Ƙari a kan haka, taron da ya samar da yarjejeniyoyin 1977 ya samu halartar ƙasashen Afirka da Asiya da ba su daɗe da samun 'yanci ba, kuma Gana ce ƙasa ta farko da ta tabbatar da su, a 1978.